Rafali da Wasan Kabewa

Duk gidan hayar nan mai hawa uku babu wanda bai san Rafali ba, har wanda bai so ya san shi ba. Ranakun aiki gyaran fanka da firji yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, amma in ka kira shi mai gyara ba ya waiwayowa. Shi a wurinsa aikin gaske sai ranar Asabar, lokacin da zai sa baƙin gajeren wando da doguwar safa, ya rataya usur a wuya, ya tafi filin unguwa alƙalancin ƙwallon samari. Ya sha zagi a filin nan, an taɓa ma raka shi da gudu har bakin gida, amma labarin da yake bayarwa kullum shi ne yadda ƙarti ashirin da biyu suke yin tsit in ya ɗaga gira.

'Ya'yansa uku. Babbar ana ce mata Lauya, don ba a aikenta sai ta tambayi dalili. Mai bi mata Gola, don tunda aka yaye shi babu wani koren abu da ya taɓa wucewa ta bakinsa. Sai Auta, 'yar ƙarama mai kumatu, wadda duk abin da yayyenta suka ƙi ita ma ta ƙi shi. Matarsa nas ce a wani asibiti, kowa Nas yake kiranta. Mahaifiyarsa ma tana tare da su, yara suna ce mata Kaka.

Sai lokacin kabewa ya kama. Kasuwa ta cika maƙil, kowace kwana ka bi an tula ta, ga alayyahu da karas sun biyo baya suna araha. Nas mace ce da ta ɗauka duk abin da ƙasa ta fitar a lokacinsa dole ya ratsa ta cikin 'ya'yanta. Yaran kuwa sun san farar shinkafa, sun san taliya, ba su yarda akwai abinci na uku ba.

Wata yamma Nas tana zaune da cokali a hannu tana lallashi. Auta ta datse baki, Gola ya juya ƙeya, Lauya tana bayanin cewa kabewa tana mata kallon raini. Rafali yana kishingiɗe a doguwar kujera yana goge usur da gefen rigarsa.

"Mamansu, matsalarki ba ki da doka," in ji shi. "Ana lallashin ɗan wasa ne? Ni fa ƙarti ashirin da biyu nake juyawa da iskar bakina. Waɗannan 'yan ukun, a bar min su 'yan kwanaki, sai sun yi kuka a ƙara musu."

Nas ta ajiye cokalin a hankali. "To ga fili. Gobe zan tafi kwas, Juma'a zan dawo. In suka cinye faranti ɗai-ɗai a gabana, na sallama maka. In ba su ci ba, ka ba ni usur ɗin nan in kulle a akwati, Asabar ɗinka ta koma ta cefane da wanke-wanke har kabewa ta ƙare a kasuwa."

Asabar ɗin da ke tafe kuwa ita ce ranar wasan ƙarshe na cin kofi, kuma bana ne karo na farko da aka zaɓi Rafali ya busa shi. Har sabuwar safa ya saya. Mai hankali sai ya yi dariya ya ce wasa yake yi. Amma a daidai lokacin Tela, maƙwabcinsu na ƙasa, yana tsaye a bakin ƙofa ya kawo rigunan makarantar yara, kuma duk ya ji. Rafali ya dubi Tela, ya dubi matarsa, ya bugi ƙirji.

"An gama. Tela, kai ne shaida."

"Ni kam na shaida," in ji Tela. "Zan ma tanadi kujera."

Kaka tana gefe tana tsinkar alayyahu, kafaɗunta suna rawa.

"Inna, me ya ba ki dariya?"

"Ba komai, ɗana. Wani abu na tuna."

Washegari Nas ta tafi, Rafali ya sauka bakin ƙofa inda Mai-lambu ke tsayawa da baronsa. Ya ce a ba shi kabewar da ta fi kowace girma.

"Wannan ta masu sayar da abinci ce, Rafali. Gidanka ba za ku iya da ita ba. Ko kai ma kana ci ne sosai?"

"Ka taɓa ganin alƙalin wasa ya buga ƙwallo?"

Ya saɓa ta a kafaɗa. A tsakiyar bene ya ɗaga hannu zai gaida Tela, kabewa ta samu dama. Ta gangaro tana tsalle mataki-mataki, ta ture bokitin wankin matar maƙwabcinsu Direba, ta bi ta tsakanin ƙafafun Tela, ta fita ƙofa ta tsaya daidai gindin baron da ta fito. Ko tsagewa ba ta yi ba.

"Ka ga ita ma ba ta son zuwa," in ji Mai-lambu.

Da rana Kaka ta dafa ta da ɗan mai da gishiri, ta yi laushi, ƙamshi ya cika gidan. Rafali ya fito daga ɗaki cikin cikakken kayan aiki, da katunansa biyu a aljihun gaba. Ya tsaya a kan tebur ya karanta doka. Wanda ya yamutsa fuska, katin gargaɗi. Wanda ya ture faranti, jan kati. Ya busa usur har gilashin taga ya amsa.

Lauya ta ɗaga hannu. "Baba, in an ba mutum jan kati, me ke faruwa?"

"Korarsa ake yi! Ya bar fili nan take, ba magana."

Lauya ta sa yatsa ɗaya ta ture farantinta. Rafali ya zaro jan kati ya ɗaga sama, ya nuna mata ƙofa yadda yake yi a fili, har da juya baya. Kafin ya juyo, Gola ya ture nasa. Auta ba ta iya turewa da kyau ba, sai ta kifar da nata gaba ɗaya. Ya kore su duka ukun, kuma a gaskiya ya ji daɗin yadda hannunsa ya miƙe. Sai da ya waiga ya ga kujeru uku babu kowa, ya ji dariyarsu a ƙasa wurin matar Tela ana yanka musu burodi, sannan lissafin ya fara zo masa.

Da yamma ya kira su tebur. Lauya ta leƙo daga bakin ƙofa.

"Baba, ai wanda aka ba jan kati ba ya buga wasa na gaba. Kai ka faɗa mana."

Shi ya faɗa kuwa, ba sau ɗaya ba.

Gari ya waye ya soke jan kati. Sabuwar doka ita ce ƙarin lokaci: ba mai tashi sai faranti ya koma fes. Yara suka zauna, shi ma ya zauna, aka yi ta kallon juna. Can Auta ta zame daga kujera ta faɗi ƙasa, ta riƙe gwiwa tana birgima tana ihu, ido ɗaya a buɗe tana duba ko ya gani. A filinsa ta koya. Ya durƙusa yana duba gwiwar, yana ce mata ta tashi ba a taɓa ta ba. Da ya miƙe, faranti biyu sun koma wayam. Ya sake durƙusawa don ya tabbatar da lafiyar gwiwar, da ya ɗago na ukun ma ya tafi.

Rafali ya busa usur sau uku, ya fita baranda ya ɗaga hannuwa sama. "Jama'a! A gaya wa Nas ta zauna ta gama kwas ɗinta da kwanciyar hankali! An tashi wasa!"

Bai rufe baki ba ya ji takun Tela a bene. Tela ya shigo riƙe da farin yadi na wani da ya kawo ɗinki, wanda ya shanya a ƙarƙashin tagarsu. Yadin ya yi ɗigo-ɗigon ruwan lemo tun daga sama har ƙasa. A kan hular Tela ma akwai yankin kabewa guda a zaune.

"Rafali, ƙwallo ta fita waje. Na kawo maka ita."

"Kai Tela, ka tabbata daga nan ne? Akwai hawa na uku fa."

"Hawa na uku ba kowa, sun yi tafiya. Sai dai in daga sama ake ruwanta."

Gola ya sunkuyar da kai yana nazarin farcensa.

Duk wanda ya san Rafali ya san ba a kayar da shi sau biyu ya yi shiru. Ya kwana yana tunani, ya tashi da abin da ya kira babbar dabara. Abin da yaran nan suka rasa, in ji shi, abokan karawa ne. Direba, wanda ke ɗakin da ke kallon nasu, yana da yara huɗu da ba sa barin komai a faranti, har ganyen ado suna cinyewa. Ya je ya roƙi uwarsu ta ba shi aronsu.

"Su zo su nuna wa nawa yadda ake wasa. Kunya kaɗai za ta sa su ci."

Matar Direba ba ta manta bokitinta ba, amma abinci kyauta ne, ta tura su. Yara bakwai suka kewaye tebur. Baƙi suka ɗauki cokula da bismilla. Rafali ya tafi rufe taga da sakata, abin da bai ɗauke shi komai ba, amma ya isa Lauya ta yi musu raɗa. Da ya dawo, babban ɗan Direba ya ajiye cokali.

"Baba Rafali, wai da gaske in mutum ya ƙi ci, ana ba shi kati ya je ya ci burodi?"

"An soke wannan dokar!"

"To mu ba a taɓa ba mu ba. A ba mu namu tukuna, sannan a soke."

Kafin rana ta faɗi labari ya zaga gidan hayar. Yara suka yanka kwalin sabulu suna ba juna kati. Da magariba ta kawo jiki, matar Direba ta buga ƙofar Rafali, bayanta mata uku, kowace da faranti cike a hannu.

"Malam Rafali, 'ya'yana da ko kujera ka dafa musu za su ci, yau sun ce alayyahu keta ce! Ƙaramin har birgima yake yana riƙe gwiwa!"

"Nawa ya ce sai an kawo alƙali!" in ji ta bayanta.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Rafali, yana ja da baya. "Haka wasa yake, sai an sha wuya a zagayen farko. Ku zo ranar Juma'a tsakar gida, ku ga yadda ake gamawa. Kowa ya zo!"

Ya rufe ƙofa ya jingina da ita. Kaka ta dube shi daga kan tabarmarta.

"Ka gayyaci gari kallon faɗuwarka ke nan."

"Inna, ki yi min addu'a mana."

"Tun kana ƙarami nake yi maka ita a kan kabewa, ba ta ci ba tukuna."

Ranar Juma'a Nas ta dawo da la'asar, ta tarar an fito da tebur tsakar gida. Mata sun jeru a baranda, yara sun cika matakalar bene, Tela ya kawo kujerar da ya yi alkawari, Mai-lambu ya jingine baronsa a bakin ƙofa. Rafali yana zagaye cikin sabuwar safar da ya ajiye don gobe, yana miƙe ƙafa yana lanƙwasa wuya. Nas ta ajiye jakarta, ta karɓi cokalin zuba abinci daga hannun Kaka. Ta zuba faranti uku. Sannan ta ɗauko na huɗu ta cika shi, ta ajiye a kan tebur ta ja kujera.

"Wannan na wa ne?" in ji Rafali.

"Na mai gida. Ko akwai matsala?"

Ido ya yi masa yawa. Ya zauna yana murmushin da bai kai ciki ba. Abin da ba wanda ya sani a gidan sai Kaka shi ne, Rafali ko warin kabewa ya ji sai maƙogwaronsa ya rufe. Shekara da shekaru yana fakewa da cewa ya ci a shago.

Ya busa usur. Ya cika cokali, ya kai baki, ya nuna sama da ɗaya hannun. "Kai, ku ga wancan tsuntsu!" Jama'a suka ɗaga kai, kabewa ta sauka a aljihun gaba. Ya yi ta tauna iska yana lumshe ido. "Daɗi! Ku ci mana, yara." Ya sake nuna wata tantabara, ya sake nuna hadari. Farantinsa yana raguwa, aljihunsa yana kumbura, mata har sun fara cewa ashe mutumin yana da abin yabo. Na yaran kuwa ko cokali ba a taɓa ba.

Gola ya naɗe hannu ya ce shi fa ko za a kwana a nan ba zai ci ba, abin kamar laka. Aka kwashe da dariya a bene. Ran Rafali ya ɓaci. A gaban jama'a! Hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekaru ba tare da ya nemi shawarar kansa ba. Ya miƙe tsaye, ya cusa yatsu a aljihun gaba, ya fizgo katin gargaɗi ya ɗaga sama da ƙarfi.

Katin ya fito, kabewa ta fito tare da shi. Wani yanki ya tashi ya sauka a goshin Tela. Wani ya faɗa cikin mayafin matar Direba. Sauran ta biyo hannunsa ta gangaro har gwiwar hannu, ta ɗiga a kan sabuwar safa. Shi kuwa yana tsaye ƙiƙam, hannu a sama, katin yana ɗigar mai.

Tsakar gida ta fashe da dariya. Mai-lambu ya riƙe baro don kada ya faɗi. Tela ya share goshi ya duba yatsansa.

"Ni dai ban san me na yi wa kabewar nan ba."

"Ai gado ne," in ji Kaka da ƙarfi, yadda na hawa na biyu ma za su ji. "Yana kamar Gola, a cikin takalmin babansa yake zuba ta. Sai da bawan Allah ya tafi aiki da ita a ƙafa."

Nas ba ta yi dariya ba. Ta miƙo tafin hannu kawai. Rafali ya sauke katin. Ya kama igiyar usur ya cire ta ta kansa a hankali, kuma wallahi ya ji abin har cikin ransa. Ya tuna rigar da ya goge tun shekaranjiya ya rataye, ya tuna gobe wani ne zai tsaya a tsakiyar fili, shi kuwa yana layin masu tumatir. Ya ɗora usur a tafin matarsa.

Lauya ta ga fuskar babanta. Ta dubi Gola, ta dubi Auta, sannan ta ɗaga yatsa.

"Mama, ai ba a tashi wasa ba. In an yi kunnen doki, bugun fanareti ake yi. Baba ya ci cokali ɗaya, ni in ci ɗaya. Ya ci ɗaya, Gola ya ci ɗaya. Ya ci ɗaya, Auta ta ci."

"Ke, wane irin lissafi ne wannan? Ku uku, ni kaɗai?"

"Haba Baba. Kai da kake juya ƙarti ashirin da biyu?"

Nas ta juya kai gefe don kada a ga bakinta. Ta rataya wa Auta usur a wuya, ta sake cika farantin mijinta. Tela ya matso da kujerarsa ya zauna daidai gefen aljihun.

Auta ta busa. Rafali ya ɗauki cokali, ya dube shi, ya dubi usur a wuyan 'yarsa, ya rufe ido ya kai baki. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Hancinsa ya hau sama, kunnuwansa suka motsa, wata jijiya ta fito a wuyansa, hawaye ya taru. Ya haɗiye da wata ƙara da aka ji har bakin ƙofa. Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Lauya ta jefa nata a baki da sauri.

"Na ci! Baba, saura na Gola!"

Ya sake. Wannan karon har ƙafarsa ta harba. Gola, wanda ba a taɓa zura masa komai ba, ya haɗiye cokali guda ba tare da ya lura ba, yana buga tebur yana cewa a sake. Auta ta ci nata ta busa usur da kabewa a baki. Ba a jima ba 'ya'yan Direba suka ruga suka ɗauko farantansu, sauran yaran bene suka biyo su da alayyahu da karas, kowa yana son ya sayi fuskar Rafali da cokali ɗaya. Iyaye mata suna ta zubawa suna sa masa albarka. Shi kuwa yana ci yana hawaye, yana tambaya ko ba a canjin ɗan wasa.

"Benci ba kowa," in ji Nas.

Faranti uku suka koma fes a gabanta. Ta cire usur daga wuyan Auta ta miƙa masa. "Ranar Asabar naka ne. Sauran ranaku, lokacin cin abinci, na Auta ne." Sannan ta shiga ɗaki ta kwaso rigunansa duka ta ɗora wa Tela a cinya, ta yi masa magana a kunne.

Ya busa wasan ƙarshe kuwa, da tsohuwar safa. An zage shi kamar kullum, ya dawo yana cewa ba a taɓa wasa mai tsafta irinsa ba.

Bayan kwana biyu yana zaune a bakin shagon Tela yana bayani. "Kai ba ka gane ba ne. Tun farko haka na tsara. Jan katin nan, da taga, da aljihu, duk tarko ne. Yaro sai ka bar shi ya ɗauka shi ya ci wasa."

"Haka ne," in ji Tela, bai ɗago daga keken ɗinki ba.

Mai-lambu ya turo baro ya tsaya. "Rafali, albishirinka. Kabewa ta kusa ƙarewa."

"Alhamdu lillahi!"

"Kabeji ke shigowa. Bana an ce ya yi kyau ƙwarai."

Daga hawa na biyu usur ya ɗauki ƙara, muryar Auta ta biyo baya. "Baba! An zuba! 'Yan gidan Direba ma sun zo!"

Rafali ya miƙe a hankali. Ya shafa aljihun gabansa, ya ji shi a shafe. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Tela, don zumunci. Ɗinkin nan da ka yi wa aljihun, ba za a ɗan farke gefe ɗaya ba?"

Tela ya ciji zare ya tofar. "Layi biyu na bi masa, Nas ta duba da kanta. Hau, kada a ba ka kati."